Tukwanen da Aka Rufe Goggo da Su

Ban sami ganin gawar Goggo ba. Daga Ƙafin Maiyaki, inda nake aure, zuwa ƙauyenmu da ke kan tudu tsakanin Doguwa da Riruwai, sai an hau mota sannan a hau babur, ga shi damina ta yi tsakiya, hanya duk ta caɓe. Ko da mai babur ya sauke ni a ƙofar gida, maza sun riga sun dawo daga maƙabarta, ƙafafunsu jajur da laka. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata makwanci.

Na shiga cikin gida na tarar da mata cike da tsakar gida, wasu a rumfa, wasu a bakin ɗakinta. Aka yi min ya haƙuri, na amsa, na sami gefen tabarma na zauna. Ka san zaman makoki na mata, kuka ba ya hana hira. Wata maƙwabciyarmu ta ce randar da ke ɗakinta Goggo ce ta gina mata tun tana amarya, har yau ko tsagewa ba ta yi ba. Wata ta ce, "Allah sarki, ga kirki ga baki. Ni fa ta taɓa kora ta daga gidan nan da muciya." Aka yi 'yar dariya, aka share hawaye. Wata yarinya matashiya da aka auro daga Tudun Wada ta tambaya a hankali, "Wai ita ce tsohuwar nan mai tsince-tsincen tsingaro?" Tsingaro, wato fasasshen ɓallin tukunya. Na ji maganar har cikin raina.

Can sai ƙawar Goggo, tsohuwar da idonta ya kusa tafiya, ta ɗago kai daga carbinta ta ce, "To, yanzu wa zai hana su sauka?"

Matar Yayana, wadda ke raba wa baƙi ruwa, ta sunkuyar da kai ta wuce madafi. Kowa a wurin ya san abin da tsohuwar take nufi. Ƙauyenmu yana kan tudu mai duwatsu, a ƙasa kuma akwai kwari mai faɗi, rafi na ratsa shi, ƙasarsa baƙa ƙirin, kome ka shuka sai ya yi. Muna noma kwarin, amma ba ma kwana a cikinsa. Goggo ce ta tsaya a kan haka tsawon rayuwarta. Yaya kuwa, babban wana, ya daɗe da tara bulo a gonarsa ta bakin rafi yana son ya gina gida ya kai matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Abin da ya hana shi kawai shi ne Goggo tana numfashi.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na son jikokinmu su tashi su ji cewa an yi wata tsohuwa mai tsince-tsince. Ina son su san abin da ta tsinta, da abin da ta gani a ciki.

Goggo yayar mahaifina ce. Ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya rasu, ta dawo gidan ubanta ta kama sana'ar uwarta, ginin tukwane. Wurinta aka kai ni yaye. Da lokacin mayar da ni ya yi, aka aiko, ta ce a gaya wa Baba ai goggo tana da haƙƙin riƙo, in yana da ja ya zo da kansa. Bai zo ba. A ɗakinta na girma, cikin warin yumɓu da hayaƙin gashi.

Mace ce doguwa, siririya, hannuwanta kamar na manomi. Ba ta yarda da yumɓu sai ta ɗanɗana shi a harshe. Ba ta sayar da tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ta kara kunne, in ƙarar ba ta yi mata ba, sai ta ajiye ta gefe ko da mai saye yana roƙo. Faɗa kuwa, kai, Allah ya yi mata gafara. In na kawo mata ruwa ina jan ƙafa sai ta ce, "Ke, tafiyar nan taki ko hawainiya ta fi ki kuzari." In na fasa kasko ta ce, "Madalla, uwar gwaninta." Amma ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma ban taɓa ganin ta ci nama ba ta gutsura min ba.

Akwai abin da duk ƙauye ya san ta da shi. A wurinmu, in an sa mamaci a kabari, ana jera itace da manyan ɓallin tukwane a kan ramin ciki kafin a tura ƙasa, don kada ƙasa ta faɗa wa gawa. Goggo takan gina tukwane na musamman don wannan, ta jera su a bayan ɗakinta. In an yi rasuwa ba a ma sallama, samari su zo su ɗiba. Ba ta taɓa karɓar ko sisi a kansu ba. Wani ya taɓa matsa mata, ta ce masa, "Ajiye abinka. Ranar taka ma kyauta zan ba ka." Mutumin ya tafi yana ta'awizi.

A gaɓar rafi take haƙar yumɓu, a wani lungu inda ruwa ya zaftare ƙasa ya bar bango tsaye wanda ya fi tsawon mutum biyu. Ina budurwa ta fara nuna min abin da ke jikin bangon nan. Da hantsi ne, mun cika kwanduna, sai ta ce in ajiye in zo.

"Me kika gani?"

Na ce, "Ƙasa."

"Idonki na ado ne? Duba da kyau."

Da na duba sai na ga ƙasar hawa-hawa ce. Can ƙasa, kusa da ruwa, akwai layi baƙi mai toka da gawayi, tsingaro masu kauri sun leƙo daga ciki. A kansa yashi da tsakuwa, kaurinsu ya kai ƙugun mutum, babu kome a ciki. A kan yashin wani layin baƙi, sai wani yashin, sai kuma layi na uku, sai yashi, sannan baƙar ƙasar da muke nomawa.

Ta sa yatsa a layin ƙasa ta ce, "Nan gari ne." Ta sa a na tsakiya, "Nan ma gari ne." Ta miƙa hannu sama, "Nan ma." Sannan ta shafa yashin da tafin hannu. "Wannan kuma rafi ne ya zo ziyara."

Shekara da shekaru tana tsintar abin da gaɓar ke amayarwa bayan kowace damina, tana kai wa wani tsohon rumbu a bayan gida. Ba ta haɗa su wuri guda, kowane hawa da kusurwarsa. Daga nan ta san mutanen kamar maƙwabtanta. Na hawan ƙasa, in ji ta, masunta ne, don ƙayar kifi ta yi yawa a tokarsu, ga wasu ƙananan dunƙulen yumɓu masu huda da ake ɗaura wa koma don ta nutse. Tukwanensu kauri gare su, gashin bai kai ba. "Ba su iya wuta ba tukuna, bayin Allah," haka take cewa. Na tsakiya manoma ne. Sun bar duwatsun niƙa da suka lotse har suka yi kwarmi, ta kan ce sai mata uwa da 'ya da jika sun niƙa a kan dutse kafin ya lotse haka. Ta sami ƙonannen gero a gindin wata tukunyarsu. Su ne kuma masu ado, suna murza igiya su birgima ta a wuyan tukunya tun tana ɗanya. Na hawan sama sun san ƙarfe, don ga kashin maƙera nan birjik, wato dattin da ke fita in an narka tama, ga duwatsun wuya jajaye waɗanda babu irin dutsensu a ƙasarmu. Ta ce ko dai sun yi fatauci, ko an yi fatauci an zo musu.

Ranar nan ta miƙo min wani tsingaro ta ce in sa babban yatsana a cikinsa. Akwai ɗan gurbi inda maginiyar ta danna tun yumɓun yana ɗanye. Yatsana ya zauna daram. Goggo ta ce, "Bahaguwa ce, dubi yadda ta ja hannun. Kuma sauri take yi, wataƙila yaro ke kuka."

Abin da ya sauya ta shi ne murhu. Wata shekara gaɓa ta zaftare sosai, sai ga duwatsu uku a hawan tsakiya, baƙi ƙirin da hayaƙi, da tukunya zaune a kansu lafiya lau, ko tsagewa babu. Cikinta cike da yashi da ya daskare kamar dutse, a gindi kuma ɓawon abinci ne ya kama. Gefen murhun ta ga ƙasusuwa, manya da ƙanana ƙwarai. Ta yi bisimilla ta mayar da ƙasa a kansu, ba ta ƙara haƙar yumɓu a wurin ba. Tukunyar kawai ta ɗauko a ka ta hau da ita tudu, kuma ranar ba ta ci tuwon dare ba.

Da na tambaye ta, ta ce, "Ke mace ce. Ki gaya min, wace mace ce za ta yi ƙaura ta bar tukunyarta mai kyau a kan wuta da abinci a ciki?"



"Ba ƙaura suka yi ba," in ji ta.

Ba kowa ya so wannan tsince-tsince ba, kuma na farkon masu ƙi shi ne Baba. Mahaifina malami ne, yana da makarantar allo a zaure, mutum mai sanyi, amma ranar da ya ji Goggo ta kawo wani kan mutum na yumɓu, mai huda a idanu da kitso a ka, sai ya shigo cikin gida da saurinsa ya tsaya a gaban yayar tasa.

"Yaya, gunki a gidan nan? Gidan da ake karatun Alƙur'ani?"

"Ka ga na durƙusa masa?"

"Mutane za su yi magana."

"Mutane sun taɓa yin shiru ne? Kai ƙanena, ba kai kake karanta mana cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen na farko ya kasance ba? To ni ban iya tafiya mai nisa ba. Rafi na je, na gani."

Baba ya tsaya yana jan gemu. Ya ce duk da haka kan ba zai kwana a gidansa ba. Suka yi kwanaki ba sa gaisawa sai ta bakina, ni ce mai kai "ki gaya wa ubanki" da "ki gaya wa goggonki." A ƙarshe ita ta sauko. Ta naɗe kan a tsumma ta mayar da shi inda ta same shi, ta binne. Tukwane da duwatsu kuwa ta ce ko Sarkin Musulmi ne ya aiko ba za ta fitar ba. Baba bai ƙara magana a kansu ba, har ya riga ta barin duniya.

Ba kome ta sani ba, kuma ba ta jin kunyar hakan. Akwai wasu duwatsu masu santsi da kaifi a baki ɗaya da muke kira gatarin aradu. Duk mun yarda tsawa ce ke jefo su daga sama, Goggo ma ba ta taɓa su sai da tsumma. Wata shekara wasu malaman jami'a masu binciken kayan da suka zo yankinmu, aka kawo su wurinta. Shugabarsu mace ce mai fara'a. Ta ɗauki gatarin da hannunta ta ce mutum ne ya wasa shi, tun kafin a san ƙarfe, har ta kai Goggo bayan gari ta nuna mata kwarmin da wasawar ta bari a jikin fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Goggo ta tafa hannu tana dariya har da hawaye. "Ashe duk shekarun nan gatarin maƙwabci nake tsoro!"

Amma da suka sauka gaɓa dariyar ta ƙare. Ina tsaye a wurin. Goggo ta nuna yashin ta ce, "'Yata, gaya min gaskiya. Ruwa ne?"

Matar ta daɗe tana murza tsakuwar a hannunta. Ta ce, "Ba zan rantse miki ba, Iya. Wani yashin a hankali yake taruwa. Amma mai manyan tsakuwa irin wannan, ruwa mai ƙarfi ne ke kawo shi, kuma ba ya daɗewa yana kawowa."

"Tsakanin wannan gari da wancan fa?"

"Zamani mai tsawo. Na sama ba su san da na ƙasa ba."

Goggo ta gyaɗa kai a hankali. A hanyar komawa, da muka kusa gida, sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Wato sai an manta yake dawowa." Baƙin sun ɗauki hotuna da 'yan ƙananan tsingaro, suka ce za su dawo in hali ya yi. Ban sake ganinsu ba.

Tun daga nan ta mayar da abin aiki. Duk wanda aka ji yana shirin gini a kwari, Goggo ba ta zuwa gidansa da wa'azi. Sai ta sa a ɗauko mata tukwanen nan zuwa ƙofar mai unguwa, ta jera su hawa-hawa a ƙasa, ta aika a kira mutumin. Tukunyar murhu a tsakiya. Sai ta ce, "Sa hannunka." Mutum ya sa hannu ya ji yashi kamar dutse, ta juya masa gindin ya ga ɓawon tuwon da ba a ci ba. Ba ta ƙara kome sai, "Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah." Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun janye hannu suna goge shi a riga. Ɗaya bayan ɗaya suka fasa. In da baki kawai ta faɗa, da tuni an ce tsufa ne. Tukunyar ce ba a iya musu da ita.

Yaya ne kaɗai ya sa hannu bai janye ba. Kuma in faɗi gaskiya, don Allah yana gani, Yaya ba mutumin banza ba ne, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Rijiyoyin tudu suna ƙafewa tun kafin bazara. Matarsa ta yi ɓari bayan ta hau dutsen nan da jarkar ruwa a ka. Injin ban-ruwansa an sace shi a gona don babu mai kwana kusa. Ranar da suka yi ta, ina gida na zo ganin Goggo.

Ya ce, "Goggo, kakanmu ya ga ruwan nan?"

"Bai gani ba."

"Kakansa fa?"

"Bai gani ba."

"To don Allah, saboda mutanen da ba mu san ko su waye ba, sai matata ta mutu a kan dutse?"

"Su ma haka suka ce, ɗan nan. Kowannensu kakansa bai gani ba." Ta nuna wajen duwatsun Riruwai da haɓa. "Ka dubi can. Itacen da ke riƙe da ruwa an sare, an yi gawayi. Masu haƙar kuza sun huda ƙasa ko'ina, ramuka cike da ruwa. Ran da suka haɗa baki, ta ina kake zato za su bi?"

Idon Yaya ya kaɗa. Ita ma muryarta ta yi rauni, abin da ban saba ji ba. Ta ce, "Na goya ka a bayan nan. Muddin ina da rai, ba za ka kwana a kwarin nan ba."

Ya ce, "To, Goggo. Muddin kina da rai."

Ya cika alkawari, ban zarge shi a nan ba. Har da ta kwanta ciwo, ɓarin jikinta ya shanye, shi ke ɗaga ta, matarsa ke mata wanka. Ciwon ya ja, damina ta zo ta wuce ta sake zuwa Goggo ba ta taɓa yumɓu ba. Ana ta rasuwa a gari, samari suna ta ɗibar tukwanen bayan ɗakinta har suka ƙare. Babu wadda ta gaje ta a sana'ar, ni da ta koya wa na yi aure nesa, sauran mata kuma roba da tukunyar ƙarfe sun ishe su. Babu wanda ya lura tukwanen kabari sun ƙare sai ranar da aka zo neman nata.

Washegarin jana'iza da safe na zaga bayan gida don in ga rumbun. Na tarar da ƙofarsa a buɗe. Duwatsun niƙa suna nan, gatarin aradu suna nan, da tarin ƙananan tsingaro. Manyan tukwanen babu ko ɗaya. A bakin rumbun ga wani tulin yashi mai tauri an farfasa shi, da sawun fartanya a jiki.

Ƙafafuna suka ɗauke ni har zaure, inda Yaya ke zaune da Kawu, ƙanen mahaifiyarmu. Ko gaisuwa ban yi daidai ba.

"Yaya, ina tukwanen rumbu?"

Kawu ne ya amsa. "Yi haƙuri, 'yar nan, zauna. Jiya an nemi tukwane an rasa. Rafi ya cika, babu hanyar kasuwa. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, itace kaɗai ba zai riƙe ba, ga gawa a makara ana jira. Sai wanki ya tuna da na rumbu."

Na dubi Yaya. Hawaye ne ke bin gemunsa. Ya ce, "Matar da ta rufe kowa a garin nan, a ce ita ƙasa za ta faɗa mata a fuska? Nata ne. Ta fi kowa son su. Na ce ita ta fi cancanta."

"Har da ta murhun?"

"Ita ce ta dace da wajen kai. Sai da muka fitar da yashin, muka raba ta biyu."

Na so in ce da gangan ya yi, don in sami wanda zan tsana, amma na san ba haka ba ne. Ƙauna ce ta sa shi, kuma duk mazan da ke wurin sun ce ya kyauta. Wa zai tone kabari don tukunya? Na koma ɗakin Goggo na kifa kai a gadonta na yi kukan da ban yi jiya ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma har yau bai sake ni ba.

Bayan sadakar arba'in na gwada. Na kwashi tsingaro da duwatsu a kwando na kai ƙofar mai unguwa na jera yadda take jerawa. Mutane suka tsaya don kara. Wani ya ɗauki ɗaya ya juya ya ce, "Ai irin wannan ko a juji akwai." Mai unguwa ya yi min addu'a, ya ce Allah ya ba ni haƙurin rashi. Da rani ya shigo Yaya ya haƙa harsashi. Kafin gininsa ya kai linta, magidanta da dama sun bi shi, har an fara maganar masallaci.

Makon jiya na je ganin sabon gidan. Gida ne mai kyau, ban ƙi gaskiya ba. Rufin kwano, rijiya a tsakar gida wadda guga ke taɓa ruwa tun igiya ba ta ƙare ba, masara ta yi kore shar har bakin katanga. Matar Yaya ta yi ƙiba, ta yi haske. Ta tare ni da murna, ta ja ni madafi tana tuƙa tuwo. 'Yan matan biyu suna wasa a gefenta, babbar ta isa shiga firamare, ƙaramar ba a daɗe da yaye ta ba.

Idona ya sauka kan murhun. Gidan sabo ne, amma duwatsun baƙi ne ƙirin, baƙin da ya shige cikin dutse.

Na ce, "Ina kika sami duwatsun nan?"

Ta ce, "Ke dai bari, Allah ne ya ba ni. Masu haƙar harsashi suka tono su, su uku a jere. Kin ga yadda tukunyata ta zauna? Kamar an auna."

Na miƙe na fita waje. Rana tana nan a kwarin, amma can kan duwatsun Riruwai hadari ya haɗu baƙi, ana ruwa. Rafin da na tsallaka da safe yana fari ya koma ja, yana tafe da karmami da reshen itace, ƙararsa ta sauya. Yaya yana bakin gona yana gyaran injinsa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Yaya, alfarma na zo nema. Ka ba ni yaran nan su yi damina a wurina."

Ya ɗago ya dube ni. Ya san dalili, bai tambaya ba. Ya ce, "In kwashe 'ya'yana duka, gari ya ce ni ma ban yarda da gidana ba? Uwarsu kuma ta zauna da wa?" Ya goge hannu da tsumma. "Amma yanzu ke ce goggo. Kina da haƙƙin riƙo, ba zan hana ki ba. Ɗauki ɗaya."

Goggo, Allah ya kai haske kabarinki. Kin koya min ɗanɗana yumɓu, kin koya min sauraron tukunya, amma wannan ba ki koya min ba. Na tsaya a tsakar gidan nan ina kallon yara biyu, uwarsu tana haɗa kaya a leda tana tambayata wacce.

Na goya ƙaramar. Mai babur ya tayar, muka kama hawan tudu, yayyafi ya fara sauka. Da na waiwaya, babbar tana tsaye a ƙofar gida tana ɗaga mana hannu, hayaƙin murhun uwarta yana tashi a bayanta. Ita na bari, don ita ta iya gudu.